Hannayen Mama

Ranar da Ofisa ya nuna min kwamfutar gidan yarin, sai da na tambaye shi ko gadonta suka ci. Wata ƙatuwa ce mai ƙeya irin ta tsohuwar talabijin, farinta ya rine ya koma ruwan ƙasa, in an kunna ta sai ta yi ta gurnani kafin ta buɗe ido. Bai yi dariya ba. Shi ne jami'in da ke kula da walwalar fursunoni, dattijo ne mai furfura, kuma da ganinsa ka san ya gaji da jin wannan zolayar.

Ya ce, "Baiwar Allah, ita kaɗai aka yarda fursuna ya kalli wani abu a cikinta. Waya ba ta wuce ƙofa. Filasha ba ta wuce ƙofa. Faifai kawai, kuma sai an juya bidiyon ya koma irin na da, wanda za ta iya haɗiyewa. Na zamani in kika ba ta, shaƙewa take yi."

Na ce, "To ka ara min minti kaɗan in shigo da wayata mana, a gabanka, ka riƙe ta da hannunka."

Ya ce wanda ya riƙe ofishin kafin shi haka ya yi don tausayi, yanzu yana gida yana kiwon kaji. Na yi tsaki na fito.

Bari in gaya muku abin da ya kai ni can. Ƙanena ne a ciki, Dogo muke ce masa. Kurma ne tun haihuwa. Ba a kai shi makarantar kurame ba, bai iya karatu ba, bai iya karanta leɓen mutum ba. Maganar da ya iya ita ce wadda shi da Mama suka ƙera tun yana rarrafe, da hannu, a tsakar ɗakinmu. Ni na koya saboda dole, Autanmu ya koya saboda tsokana, amma duk duniya in ka cire mu babu wanda ke jin ta. Sunan Dogo a wannan yaren shi ne ka ja yatsa daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu. Fushi, ka dunƙule hannu ka danna a ciki. Babu, ka buɗe hannun ka karkaɗe shi kana girgiza kai. Cin abinci kuwa ba a kai hannu baki kamar yadda kowa ke yi, sai dai ka ɗebo daga tafin hagu da yatsun dama, don haka Dogo ya fara yi yana ƙarami, muka bi shi.

Shi da Auta suna aiki a wani sito, lodi da sauke kaya. Dogo ya iya jan mota fiye da direbobin wurin, amma ba shi da lasin, wa zai ba shi? Wata safiya direba ya makara, aka ce Dogo ya matsar da babbar motar. Ya ja da baya. Auta yana tsugunne a bayanta yana ɗaure igiya. Mutanen wurin suka yi ta ihu har muryoyinsu suka dushe, shi kuwa idonsa na kan madubin ɗaya gefen. Sai da ya ji motar ta taka wani abu ya tsaya. Auta bai sake tashi ba.

Masu siton suka ce ba su san wanda ya ba shi makulli ba. Aka ɗaure Dogo.

Mama ba ta taɓa zuwa ganinsa ba. Ba zan yi mata kwaskwarima don ta mutu ba: da farko fushi take yi, fushi na gaske, ko sunansa ba ta son in ja a hannuna. Daga baya fushin ya huce, amma kafin nan ciwo ya cinye mata ƙafafu, ko banɗaki sai na ɗauke ta. Duk ziyara Dogo zai leƙa bayana ya ga ko tana tafe. In ce masa ƙafa ce. Ya dube ni ya yi alamar da yake min tun muna yara, ya shafa tafi a kan tafi, wato kina shafa min mai ne kawai. Kuma yana da gaskiyarsa, ni ce mai sassauta masa magana tun fil azal. In Mama ta ce za ta karya shi, ni sai in ce masa ta ce ya yi wanka.

Da ta ga tafiya ta zo, wata rana da hantsi ta ce in ɗauko wayata. Na jingina Mama da matashi, na tsaya a ƙarshen gado na riƙe wayar a tsaye kamar yadda kowa ke riƙewa. Hannayenta ba sa ɗaguwa, a kan bargo ta yi maganar, can ƙasa wajen cinya. Tana yi tana faɗa da baki, don haka ta saba. Ciwo na murɗa ta, fuskarta na yamutsewa, amma hannayen ba su yi kuskure ko ɗaya ba. Ta ja yatsa a hannu. Ta dunƙule ta danna a ciki, ta buɗe ta karkaɗe tana girgiza kai. Ta maimaita, ta sake maimaitawa. Ta ce ƙafafunta ne suka hana ta. Sannan ta ɗebo daga tafin hagu.

Na ce, "Mama, abinci kuma?"

Ta ce, "Ke ba ki san ɗan'uwanki ba? Da ya ji na mutu zai rufe baki."

Haka kuwa aka yi. Ranar da na kai masa labarin rasuwarta, bai yi kuka ba. Tambaya ɗaya ya yi, ta mutu da fushina? Na ce a'a, na yi masa duk abin da ta yi, tiryan-tiryan. Ya shafa tafi a kan tafi ya tashi. Daga ranar ya daina cin abinci, sai ruwa, sai ɗan shayi in sun matsa masa. Na je aka wanko min hotuna daga cikin bidiyon na kai masa, ya jujjuya su ya turo min, ya ce hannu ne a kan bargo, bai ga ya ce komai ba. Wannan ne ya sa na yi ta sintiri a ofishin Ofisa har takardar izini ta fito daga sama: kallo ɗaya, a gabansa, in an gama a karya faifan.

A layin masu gyaran waya akwai wani shago da kowa ya nuna min, na wani da ake kira Injiniya. Ɗan siriri ne mai gilashi, shagon kamar akwati, igiyoyi sun sauko ta ko'ina, ga tsofaffin kwamfutoci a jibge har rufi. Na ce masa ina so a juya min bidiyo ya koma irin na da, a sa a faifai, don wata tsohuwar kwamfuta a wani ofis. Ban ce gidan yari ba. Ban ce kurma ba. Haba, daga zuwa shago sai in zauna ina karanta wa mutum tarihin gidanmu, ga mutane a tsaye a bayana suna jiran caja?

Ya tambaye ni kamannin kwamfutar, na kwatanta masa. Ya yi dariya ya ce ya san kakarta ma. Ya ɗauki bidiyon daga wayata ya duba nauyinsa, ya kama baki.

"Anti, wannan ai giwa ce. Wayoyin yanzu har ramin gashi suke ɗauka. Waccan tsohuwar in ta ga wannan sumewa za ta yi. Sai na matse shi, na rage masa ƙiba, na mayar da shi daidai allonta. Kar ki damu, aikina ke nan kullum."

Na ce, "Ni dai ya fito."

"Zai fito har ya yi miki godiya."

Ya danna wani abu, sai muryar Mama ta cika shagon. Ban shirya ba. Tun ranar da na ɗauka ban sake kunnawa da sauti ba. Na ture wani mai jiran caja na fita, na tsaya a bakin kwata ina kallon motoci har ya leƙo ya kira ni. Ya miƙo min faifan a cikin 'yar leda, fuskarsa ta canja.

Ya ce, "Mahaifiya ce ko? Allah ya ji ƙanta. Na ɗan ƙara aiki a kai, ban sa a kuɗi ba. Muryarta ta yi ƙasa, ga ƙarar fanka, duk na wanke. Ki zauna ki gani mana."

Na ce na yarda da shi. Gaskiyar magana ba zan iya sake jin muryar nan a gaban mutane ba, kuma lokacin shiga aikina ya yi. Wanki da guga nake yi a wani otal, kuma shugabar sashenmu ba ta san wani abu wai shi uzuri ba.

Ranar kallo na riga masu gadi isa ƙofa. Aka karɓi wayata, aka laluba ni, aka kai ni ofishin. Ofisa ya riga ya kunna tsohuwar tana gurnaninta. Can sai ga wani gandiroba ya shigo da Dogo. Innalillahi! Mutumin da ke ɗaukar buhu biyu a kafaɗa, yau rigar fursuna ce ke tafiya da shi. Wuyansa kamar na kwalba. Kuma hannayensa a cikin ankwa.

Na ce, "Ku cire masa wannan."

Gandiroban ya ce doka ce.

Na ce, "Malam, wannan ba hannu ka ɗaure ba, bakinsa ka ɗaure. Kai za ka yarda a kawo ka gaban uwarka da tsumma a baki?"

Ya dubi Ofisa, Ofisa ya ɗaga masa kai, ya cire. Aka zaunar da Dogo a kujera daf da allon. Ya ɗora hannayensa a gwiwa. Ofisa ya tura faifan, abin ya yi ƙara kamar injin niƙa, na riƙe numfashi ina roƙon Allah kar ta shaƙe.

Ba ta shaƙe ba. Ta buɗe shi lafiya lau. Fuskar Mama ta cika allon daga gefe zuwa gefe, daga goshi zuwa haɓa, muryarta ta fito tangaram kamar tana cikin ɗakin. Har Ofisa ya ce, "Kai, wanda ya yi wannan ya iya aiki."

Ni kuwa ƙasan allon na duba. Babu bargo. Babu hannaye. Bidiyon da na ɗauka a tsaye yake, dogo siriri, allon tsohuwar kuma kusan murabba'i ne. Da Injiniya ya bar shi yadda yake, da gefe da gefe sun zama baƙi, Mama ta zama 'yar mitsitsiya a tsakiya. Shi ya sa ya jawo fuskar ta cika allo, ya yanke duk abin da ke ƙasan wuya ya zubar.

Abin da ya rage wa Dogo shi ne fuskar uwarsa, ciwo na yamutsa ta, ido a runtse, leɓe na motsin da ba ya ganewa, tana girgiza kai. Tana girgizawa, tana sake girgizawa.

Na yi ihu na ce a tsayar. Ofisa ya daburce ya ce in ya taɓa ta yanzu daskarewa za ta yi, ba za ta sake tashi yau ba. Ban san lokacin da na zube a gwiwa a gaban teburin ba. Na juya wa allon baya, na ɗaga hannayena daidai ƙasan haɓar Mama, inda nata ya kamata su kasance. Ina jin muryarta a bayan kaina, ina bin ta. Ta ce Dogo, na ja yatsa. Ta ce ba na fushi, na dunƙule na danna na buɗe na karkaɗe. Ta ce ƙafafuna, na yi ƙafafu. Hawaye na zuba har cikin bakina, ban goge ba, don hannayen ba nawa ba ne a lokacin. Ta ce ka ci abinci, na ɗebo daga tafin hagu, na ɗebo, na ɗebo, har allon ya yi baƙi.

Dogo ya sunkuyo ya kama hannayena biyu, ya juya su, ya dubi tabon dutsen guga da ke bayan na dama. Ya sake su a hankali, ba da faɗa ba. Ya nuna su ya nuna ni: naki ne. Ya nuna allon, ya girgiza kai irin yadda ta yi: nata ke nan. Ya miƙa wa gandiroba wuyan hannayensa da kansa.

Na riƙe ƙafar Ofisa. Na ce wayata na ƙofa, taku kaɗan ne, asalin yana ciki, hannayen suna ciki. Idonsa ya kawo ruwa, amma ya ce ba zai iya ba. Ya ce in je a sake juyawa daidai, shi zai sake tura neman izini yau ɗin nan, zai bi shi da ƙafarsa. Ya ciro faifan ya karya shi gida biyu a gabana, kamar yadda takarda ta ce.

Ban je aiki ba. Shagon Injiniya na nufa, kuma duk wanda ke layin nan ya san na zo. Na buga teburinsa har wayoyin mutane suka yi tsalle.

"Uban wa ya ce ka yanke mata hannaye? Na ce ka juya, ka ji na ce ka yi mata fiɗa?"

Ya miƙe yana gyara gilashi. "Anti, wane hannu? Bargo ne a ƙasan. Kowa ya kawo bidiyon waya haka nake masa. In na bar baƙi a gefe dawowa suke su ce na cuce su, rabin allo babu komai. Fuska ake so a gani, murya ake so a ji."

"Wanda zai kalla kurma ne! Kurma! Muryar da ka wanke, wa ka wanke wa?"

Ya zauna kamar an zare masa laka. Ya ce, "Ba ki faɗa min ba."

Na ja kujera na zauna kusa da shi, na ba shi labarin da na ƙi ba shi tun farko, a gaban masu jiran caja da kowa. Ya sallami mutanen, ya ja ƙofar shagon rabi, ya sauko da wata tsohuwar kwamfuta daga saman jibgin, ƙanwar ta gidan yari, ya hure mata ƙura ya kunna.

Wannan karon ban fita ba. Ya juya bidiyon ya bar shi a tsayensa, baƙi a dama baƙi a hagu, Mama a tsakiya ba ta fi tsawon tafin hannuna ba. Yatsunta suka cakuɗe kamar an shafa musu ruwa. Na ce ban yarda ba. Ya sake. Ya yanke saman, bango da labule, don ta ƙara girma. Ya ce faifan da injin suna da iyakar abin da za su ɗauka, duk abin da ya ba sauti ya rage wa hoto ne. Na ce ya rage sautin ya koma kamar na rediyon da batir ya mutu, ya ba yatsun. Muka yi ta yi har rana ta karkata. Abin da ya taimake mu shi ne rashin ƙarfin Mama, don a hankali take motsa hannun, tsohuwar kwamfutar tana iya bin ta. A ƙarshe na tsaya daga bakin ƙofa na kalla, na ga kowace kalma ta fito. Ya sa min a faifai biyu, ya ƙi karɓar komai.

Na kai wa Ofisa washegari. Ya ce takarda ta hau sama. Na dawo, ya ce mai sa hannu ya yi tafiya. Na dawo, ya ce ya dawo amma yana taro. A ranar ziyara aka ce Dogo ba zai iya fitowa ba, an kwantar da shi a ɗakin jinya ana ƙara masa ruwa, yana cire allurar. Na roƙi a kai masa kwamfutar can, aka ce kayan ofis ba sa fita daga ofis. Na roƙi a gaya masa an gyara, ya jira, ya ɗan sa wani abu a cikinsa. Ofisa ya ce shi da wane yaren zai gaya masa? Na koya wa dattijon nan alamar jira da alamar Mama a tsaye a ofishinsa, yana yi yana kuskure ina gyara masa yatsu. Ya je ya yi. Ya dawo ya ce min Dogo ya kalle shi ya shafa tafi a kan tafi, me hakan ke nufi? Na ce ba komai.

Ina tsakiyar gugar zanen gado da safe aka kira ni. Na kashe dutsen, na ninke zanen, na gaya wa shugabarmu ƙanena ya rasu. Ta ce in tafi.

Da aka gama abin da za a yi, na koma karɓar kayansa. 'Yar leda ce, da silifa da hotunan nan da na wanko, ashe ya sa an karɓo masa su daga baya. Ofisa ya kasa haɗa ido da ni. Ya buɗe aljihun tebur ya ciro faifan, ga takardar izini manne da shi, an sa hannu. Ya ce da safiyar nan ta sauko. Ya ce doka ta ce a karya bayan an kalla, kuma ba a kalla ba, bai san yadda zai yi da shi ba.

Na ce, "Sa shi."

Na zauna a kujerar da Dogo ya zauna. Tsohuwar ta yi gurnaninta ta buɗe. Ofisa ya kai hannu zai ƙara sauti don in ji da kyau, na ce ya kashe shi gaba ɗaya. Ya kashe.

Ga Mama 'yar ƙarama a tsakiyar baƙi, ga bargo, ga hannayenta. Ta ja yatsa daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu. Ta dunƙule ta danna a ciki, ta buɗe ta karkaɗe, kanta na girgiza tare da hannun. Kwamfutar ba ta yi ko tari ba, komai ya fito sarai. Ta ɗebo daga tafin hagu, ta dubi wayar tana jira ya amsa.